Bakina Ya Iya Zance, Amma an Ce Takardata Babu Tsari

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, ina zaune a unguwar Aboabo a nan Kumasi, ƙasar Gana. Sau biyu ina zana WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Lissafi da kimiyya da sauran darussa duk na haye, Turanci ne kaɗai ya kafe a D7, ga shi burina in shiga makarantar koyon aikin jinya, su kuwa C6 suke nema. Da asuba ina taya Mama sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da yamma in tafi ajin rimidiyal da yayana tela yake biya mini.

Makonni biyu da suka wuce malaminmu ya ce mu rubuta muƙala a kan dalilan ambaliya a unguwarmu da yadda za a magance ta. Na cika shafi uku. Na kawo daren da ruwa ya shigo ɗakinmu, da sharar da ake zubawa a kwata, da akuyoyin maƙwabcinmu da ruwa ya tafi da su, da masu gini a kan hanyar ruwa, da alƙawuran 'yan siyasa, duk abin da na sani dai. Ya ɗaga takardata a gaban aji ya ce kamar an zazzage kwandon cefane a tsakar gida, aka yi ta dariya. A ƙasa ya rubuta da jan biro wai babu tsari. Abin da ke ba ni haushi, a gidanmu ni ce mai baki, ko rigima aka yi ni ake kira in warware zance. Amma da na riƙe biro sai komai ya zo mini lokaci guda.

Tun ranar ban koma ajin ba, kuma Yaya bai sani ba. Da ma ya ce wannan ne kuɗi na ƙarshe da zai biya. Mama kuwa cewa take wataƙila boko ba rabona ba ne, tunda ga mai sona a tsaye. Gwaggo, kaina ne babu kyau, ko akwai abin da ba a koya mini ba?

Ɗiyarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, karo na biyu da idon tsohuwar malamar makaranta wadda jan biro ya daɗe a hannunta. Kin fara da gaya mini ke wace ce da abin da kike nema. Kika kawo abin da ya faru a aji daki-daki. Kika dawo gida kika nuna mini inda Yaya ya tsaya da inda Mama ta tsaya, sannan kika rufe da tambaya guda. Na rage mata tsawo saboda fili, amma ban ɗaga ko jimla ɗaya daga mazauninta ba. Wadda ta rubuta wannan, ba a ce mata kanta babu kyau. Amsar tambayarki ita ce ta biyun, akwai abin da ba a zaunar da ke an koya miki ba, kuma abu ne na 'yan makonni ga mai irin bakinki.

To me ya sa wasiƙa ta fito sumul, muƙala ta fito a hargitse? A wasiƙar kin san da wa kike magana, kin san abin da kike so ta gane. Haka ma in ana rigima a gidanku aka kira ki. Kina bayani, wani yana cewa tsaya tukuna, wa ya fara? Wata tana cewa to daga nan sai aka yi yaya? Ba ki lura ba, amma su ne suke jera miki zancen, kina kaucewa suna dawo da ke kan hanya. Takarda ba ta tambaya. Mai duba jarrabawa yana can zaune da tulin takardu a gabansa, bai san Aboabo ba, bai san maƙwabcinku ba, kuma ba zai kira ki ya ce me kike nufi a nan ba. Abin da ake kira tsari a rubutu shi ne ki riga shi yin waɗannan tambayoyi, ki amsa su ɗaya bayan ɗaya, a jerin da shi zai yi su da yana gabanki.

Na san dariyar nan ta yi ciwo, kuma ɗaga takardar ɗaliba a gaban aji don a yi nishaɗi da ita ba hali ne na kirki ba, zan dawo kan malamin. Sai dai ki lura da abin da ya faɗa. Bai ce kwandonki wayam yake ba. Ni da na sha fama da yaran da za su ciji biro rabin awa ba su samu layi biyar ba, na san wanda kwandonsa ya cika ya fi sauƙin gyara.

Bari mu duba lissafin makin, don ki san girman abin da kike faɗa da shi. A takarda ta biyu ta Turancin WASSCE, ana ba ki tambayoyi biyar ki zaɓi ɗaya, ki rubuta kalmomi akalla 450, an ware mata kamar minti 50, makinta kuma 50. Goma na abin da kika faɗa ne, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar nahawu da rubutun kalmomi da alamomi, inda kowane kuskure yake cin rabin maki. Za ki ce ashe tsarin goma ne kacal. A takarda haka ne. Amma hujjar da aka binne a tsakiyar labarin akuyoyi, mai dubawa ba lallai ya gan ta ya ba ta makinta ba. Kuma shafi uku na zance a guje yana tara dogayen jimloli, su kuwa can kurakurai suke kwana. Ga kuma sashen taƙaitawa mai maki 30 a wannan takarda, wanda kusan dukansa gane babbar maganar kowane sakin layi ne a rubutun wani. Wanda ya iya gina sakin layi da hannunsa, ganin ƙashin bayan na wani ba ya yi masa wuya.

Mu fara daga sakin layin, don nan ne naki ya fi yoyo. Ki tuna teburin Mama da asuba. Waakye yana tukunyarsa, shito, miyar yajin nan, yana kwanonsa, taliya daban, gari daban, ƙwai da ganda kowanne da mazubinsa. Mai saye ya ce a ƙara masa ƙwai, hannunki ya san inda zai nufa ko da ido a rufe. Kowane sakin layi mazubi ɗaya ne, magana ɗaya yake ɗauka. Jimlar farko ta faɗi maganar ƙarara, ita ce uwar sakin layin, sauran duk 'ya'yanta ne. Mai bi mata ta yi bayanin yadda abin yake faruwa. Sai misali, wanda ya fi kyau ya zama abin da idonki ya gani. In da hali, ki rufe da jimlar da ta mayar da zancen kan tambayar da aka yi. Ga yadda zan so in ga ɗaya daga cikin naki, da Hausa tukuna:

Babban abin da ke jawo ambaliya a unguwarmu shi ne toshewar kwatoci. Gidaje da yawa ba su da wurin zuba shara a kusa, sai su jira hadari ya sauko su juye ta a kwata, da tunanin ruwa zai tafi da ita. Ledar fiya wata da robobi ba sa ruɓewa, sai su taru a ƙarƙashin gada su zama katanga. Daren da ruwa ya shigo ɗakinmu ba ta sama ya zo ba, ta kwatar ƙofar gida ya dawo. Muddin hanyarsa a toshe take, ɗakunan mutane zai nema.

Jimla biyar ke nan, kuma daren da kika ba wa wataƙila rabin shafi ya shiga a layi ɗaya ya yi aikinsa. Akwai gwajin da nake ba ɗalibaina: in kin gama sakin layi, ki raɗa masa suna da kalma biyu ko uku a gefe. Wannan sunansa toshewar kwata. In kika ji sunan yana neman zama shara da gini da 'yan siyasa, to mazubi uku kika juye a ɗaya, a raba su.

Akuyoyin maƙwabci fa? A nan zan ɓata miki rai kaɗan. An tambaye ki dalilai da magani. Akuyoyin ba dalili ba ne, ba magani ba ne, ɓarna ce da ruwa ya yi. Wurinsu ɗaya ne, jimla guda a gabatarwa don mai karatu ya ji cewa abin yana taɓa mutane, ko kuma su haƙura su zauna a gida. Mai baki irinki wannan ne ya fi yi mata wuya, ta san abu, gaskiya ne, yana da daɗin faɗa, amma a ce ta bar shi. Ba duk abin da aka sayo a kasuwa yake shiga miyar yau ba.

In kin iya mazubi, saura jerin da za su zauna a kan tebur. Hanyoyin jera tunani ba su da yawa, kuma kusan kullum tambayar da kanta take gaya miki wadda za ki ɗauka, in kin tsaya kin saurare ta. Taku ta ambaliya ta zo da rabi biyu a bayyane: dalilai, sai magani. Kina iya kawo dalilai uku, kowanne da sakin layinsa, sannan magunguna a jerin da dalilan suka zo, wato in shara ce ta fara, maganin shara ne zai fara. Ko kuma ki riƙa haɗa kowane dalili da maganinsa a wuri ɗaya: shara da yadda za a yi da ita, gini a kan hanyar ruwa da abin da hukuma za ta yi, ƙanƙantar kwatoci da faɗaɗa su. Ke na fi zaɓa miki ta biyun, don ba ta barin ki yi nisa ki manta da abin da kika baro a baya. Ki lissafa: kalmomi 450 a raba gida shida, 75 ke nan kowanne. Gajeriyar gabatarwa, sakin layi huɗu na gundarin magana, gajeriyar kammalawa, aiki ya tashi.

Tsarin sanadi da sakamako yana da tarkon da nake so ki sani, don masu dubawa suna lura da shi. Abu ya zo bayan wani ba ya nufin shi ya haife shi. Don 'yan siyasa sun yi alƙawari bara, ruwa ya ci unguwa bana, ba alƙawarin ne ya kawo ruwa ba. Sai kin nuna mahaɗin: an yi alƙawarin gina babbar kwata, ba a gina ba, ƙaramar da ake da ita ba ta ɗaukar ruwan, shi ya sa yake malala. Sarƙa ce, kowane zobe yana riƙe da na gabansa. Ki tuna masifar 3 ga Yuni 2015 a Akara, a shataletalen Kwame Nkrumah. Ruwa ya sauko da ƙarfi, magudanar Odaw ta cika ta tumbatsa, mutane suka fake a wani gidan mai, mai ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama, rayuka kimanin 150 suka salwanta, Allah Ya ji ƙansu. Ki cire zobe ɗaya daga wannan jeri, wanda bai san labarin ba zai tambaye ki ta yaya ruwa ya zama wuta. Haka mai duba takardarki yake ji duk inda kika yi tsalle.

In an ce ki ba da labari, ko ki rubuta rahoton abin da ya faru, ko ki bayyana yadda ake yin wani abu, jerin lokaci ne. Wannan kam ba sai na koya miki ba. Ba ki taɓa zuba shinkafa kafin wake ya yi laushi ba, ba ki taɓa jira sai an sauke tukunya sannan ki jefa karan dafi da kanwa ba. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada labarin ya zama sai na tashi, sai na yi wanka, sai na hau motar haya, komai da nauyi ɗaya. Ki wuce da sauri a inda babu komai, ki tsaya a inda abin ya faru. In kuma siffanta wuri aka ce, ki yi kamar kin riƙo hannun baƙuwar da ta zo daga Tamale za ki zaga da ita kasuwar Kejetia. Ta ƙofa ɗaya za ku shiga, ku bi layi, ku hau sama in za ku hau. Ba za ki nuna mata masu atamfa ba, ki fizgo ta zuwa tashar mota, ki sake mayar da ita wajen atamfa. Daga waje zuwa ciki, ko daga ƙasa zuwa sama, ki zaɓi ɗaya ki bi shi har ƙarshe.

Kwatanta abu biyu ya fi waɗannan santsi. A ce makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, wanda zance ne da ba ya ƙarewa a gidajenmu tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017. Wasu sukan gama duk maganar ta kwana, sannan su juyo kan ɗayar. Ana yin haka, amma sau da yawa sai ya zama ƙananan muƙaloli biyu da ba su gaisa da juna ba. Gara ki zaɓi ma'auni uku, a ce kuɗin da iyaye suke kashewa, da lokacin karatu, da tarbiyya, ki ɗora makarantun biyu a kan kowane ma'auni tare, kamar yadda kike yi in kina taya atamfa biyu, ki duba ƙarfin wannan da na waccan, sannan launi, sannan kuɗi.

Sai jerin muhimmanci, wanda yake shiga cikin kusan duk sauran. In wasiƙa ce zuwa ga wani mai muƙami, hujjarki mafi ƙarfi ta fara, don babba ba lallai ya kai ƙarshen shafi ba. A irin wannan wasiƙa, adireshi biyu da kwanan wata da gaisuwa da kanun magana da sa hannu duk cikin makin tsari suke, kada ki yi asararsu a banza. In muhawara ce, ni ra'ayina ki buɗe da mai ƙarfi, ki sa mai rauni a tsakiya, ki ajiye wadda ta fi duka a ƙarshe, don abin da kunne ya ji daga baya shi yake tafiya da shi. Akwai kuma rarraba abu gida-gida, kamar a ce ire-iren sana'o'in matan Zango, ki ware masu abinci, masu ɗinki da kitso, masu kasuwanci. Sharaɗinsa kawai kada abu ɗaya ya faɗa gida biyu.

Kada kuma wani ya sa ki ɗauka wannan duk kayan Bature ne da aka ɗora mana. Kin yi makarantar allo, wataƙila kin taɓa littattafan fiƙihu. Ba ki ga babi-babi suke ba, kowane babi da fasalinsa, kuma tsarki yake zuwa kafin salla, don ba a yin ta sai da shi? Ki saurari huɗubar Juma'a, a yi hamdala, a yi salati, liman ya ce amma ba'adu, kowa ya gyara zama don ya san an iso gundarin magana. A ƙasar nan tamu, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, cikin abin da ya bari har da littafi na Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Kakanninmu fataken goro sun san cewa saƙon da za a karanta ba ka wurin sai an jera shi da kyau.

Yanzu ga aikin da za ki yi da hannunki. Ki ɗauko shafi ukun nan, na san kin cusa su a ƙasan akwati. Ki bi su jimla-jimla da fensir, wadda take dalili ki sa mata D, wadda take magani ki sa M, wadda take ɓarnar ruwa ki sa Ɓ. Ki tara masu D ki ga dalilai nawa ne na gaske, za ki tarar ba su wuce uku ko huɗu ba, sauran maimaici ne da wasu kalmomi. Ki sake rubuta muƙalar a shafi ɗaya da rabi. Ba sabon ilimi za ki nemo ba, kayan da suke cikin kwandon nan za ki jera.

Daga nan, duk rubutun da za ki yi, minti bakwai ko takwas na farko ba na rubutu ba ne. Tunda komai yana zuwa miki lokaci guda, ki bar shi ya zo, amma a takardar gwaji. Ki zazzage shi kalma bibbiyu, da Hausa ma in ta fi miki sauri. Ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin tambayar da suke gaya miki irin jerin da ake so. Ki soke abin da bai amsa ta ba, ki sa wa sauran lamba. Sannan ki rubuta da Turanci kai tsaye daga lambobin, da gajerun jimloli, kada ki gina jimlar Hausa a kai ki yi ta juya ta kalma-kalma. Minti 35 na rubutu, abin da ya rage na bita. Ranar farko za ki ji kamar ɓata lokaci kike yi kina kallon wasu sun cika rabin shafi. Ki rabu da su.

Tunda bakinki ne jarinki, ki sa shi aiki. Ki ɗauki tsohuwar tambayar jarrabawa, ki aika wa wata ƙawarki saƙon murya na minti biyu a WhatsApp kina amsa ta, ki ce ta gaya miki maganganu nawa ta ji kuma wanne ya fara. In ta iya lissafo su, tsarinki ya tsaya, sai ki zauna ki rubuta. Sau biyu a mako kuma ki samu sharhin edita na jaridar Daily Graphic, ko tsohuwa ce, ki raɗa wa kowane sakin layi suna a gefe kamar yadda na nuna miki. Wannan zai taimaki tsarinki, ya taimaki taƙaitawa, ya kuma zuba miki Turancin da maki ashirin ɗin nan suke nema, don ba zan ruɗe ki ba, tsari shi kaɗai ba zai ɗauke ki daga D7 zuwa C6 ba sai da karatu. Kalmomin haɗi irin su da farko, saboda haka, sai dai, a ɗaya ɓangaren, ki yi amfani da takwarorinsu na Turanci a inda ma'anarsu ta dace kawai. Na sha ganin takardar da kowane sakin layi ya buɗe da bugu da ƙari, alhali babu abin da aka buga balle a ƙara.

Mu koma kan mutane, don ba biro kaɗai ke hana ki barci ba. Malamin ya yi kuskure a yadda ya faɗa, ya yi daidai a abin da ya gano. Wataƙila aji ya yi masa yawa, wataƙila haka aka koyar da shi, duk ba hujja ba ce, amma ba sai ya zama mutumin kirki ba kafin ki amfana da shi, kuɗin Yaya ya riga ya shiga aljihunsa. Ki same shi shi kaɗai bayan an tashi, da sabuwar muƙalar a hannu. Ki ce, Malam, na sake jera ta, ina so ka duba mini tsarin kawai, kuma ina roƙo in akwai gyara a gaya mini ni kaɗai. Yawancin malamai in suka ga ɗalibi ya dawo da gyara jikinsu yakan yi sanyi. In ya sake mayar da ke abin dariya, to a ƙarshen wata ki nemi wani ajin, ko wata ɗalibar jami'a a unguwa da za ta riƙa duba miki muƙala ɗaya a mako. Kumasi ba ta rasa su ba.

Yaya ne ya fi damuna. Mutumin da yake kan keken ɗinki tun safe har dare yana cire kuɗin nan daga guminsa, bai kamata ya ji daga bakin wani cewa makonni biyu kujerarki babu kowa ba. Cewar da ya yi wannan ne na ƙarshe, ni ban ji ƙiyayya a ciki ba, gajiya na ji da tsoron kada a yi ta zuba ruwa a rariya. Ki gaya masa a cikin makon nan, kuma ki jera maganar kamar wasiƙa zuwa ga babba, mai nauyin ta fara: Yaya, na yi makonni biyu ban je aji ba, na yi kuskure da na ɓoye maka. Sannan dalili, a taƙaice, ba tare da kwaikwayon muryar malam ba. Sannan abin da za ki yi, ki nuna masa tsohuwar takarda da sabuwa. Tela ne, ya fi ni da ke sanin cewa ba a hawa keke sai an auna, an zana da alli, an yanka. Ki ce masa yadi kike da shi, yanka ne ba a koya miki ba. Zai yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha, ya cancanci wannan.

Mama kuwa ba ta raina ki ba. Ta ga 'yarta ta dawo da jajayen idanu sau biyu, tana neman inda za ta kwantar da ke ki huta, kuma a saninta gidan miji ne. Kada ki yi gardamar boko da aure da ita, ba za ki ci ba, kuma ba abokan gaba ba ne. Ki roƙe ta abu mai iyaka: a bar ki ki zana wannan jarrabawa ta Nuwamba da Disamba da hankali kwance, a ɗaga miki wanke-wanken tukwane awa ɗaya da rana don ki yi rubutu. Mai son naki ma ki gaya masa burinki tun yanzu ki ji bakinsa. Yadda ya karɓi zancen jarrabawa zai nuna miki yadda zai karɓi aikin dare a asibiti.

In kuma Allah Ya sa aka sake samun D7, hanya ba ta ƙare ba. Makarantun jinya da digirin jami'a C6 suke nema a Turanci, amma jami'o'in fasaha, irin wadda muke da ita a nan Kumasi, sukan karɓi D7 a wasu kwasa-kwasan babbar difloma in sauran sakamakon ya yi kyau, naki kuwa ya yi. Ki taka da ƙafarki ki tambayi sharuɗɗan bana, zuwa da kai ya fi saƙo. Nan da shekara biyu kuma za ki cika 25, shekarun da jami'o'in ƙasar nan suke buɗe ƙofar manyan ɗalibai ta hanyar jarrabawar shiga tasu. Sai dai can ma Turanci yana jiran ki a bakin ƙofa, don haka aikin fensir ɗin nan babu inda za ki kai shi.

Ran Litinin ki saka hijabinki ki koma aji, ki zauna a inda kika saba zama. Masu dariyar ma jarrabawa ce ta mayar da su ajin, ba wanda ya zo yawon shan iska. In kin gama sabuwar muƙalar ki aiko mini da gabatarwar da sakin layi na farko, ina so in ga inda akuyoyin maƙwabci suka ƙare. A gaida Mama da aiki.

Gwaggonki